Babi na Uku: Ƙasar Abuja, daga Kan Duwatsu zuwa Bakin Gurara

Babban Birnin Tarayya yanki ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 a tsakiyar Nijeriya. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta keɓe shi da Doka ta 6 ta ranar 3 ga Fabrairu, 1976, bayan rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. An yanko shi ne daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. A yau Kaduna ce ke arewa da shi, Nasarawa ta kewaye shi ta gabas da kudu, Kogi na kudu maso yamma, Neja kuwa na yamma. An raba shi ƙananan hukumomi shida: Birnin Abuja, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji.

Wanda yake son fahimtar ƙasar nan sai ya fara riƙe cewa gangare ce. Daga arewa maso gabas, wajen Bwari, inda kawunan duwatsu suka haura mita 760 daga matakin teku, ƙasa tana ta sauka har zuwa fadamar kogin Gurara a kudu maso yamma, inda tsayinta bai kai mita 100 ba. Gangaren nan shi ya tsara inda ruwa yake bi, da inda zafi ya fi tsanani, da inda ƙasa ta yi kauri ko ta yi fako, da irin itacen da ke tsirowa a kowane wuri. Matafiyin da ya taso daga Bwari ya bi ta Zuba da Gwagwalada da Kwali ya isa Abaji, ya sauko kusan duk wannan gangare a cikin 'yan sa'o'i.

Duwatsu da filaye

Mafi yawan yankin yana zaune ne a kan tsohon dutsen da ya zama harsashin ƙasar Afirka ta Yamma, irin wanda ke ƙarƙashin Kano da Zariya da Kaduna. A cikinsa akwai duwatsun da zafi da matsi suka sauya wa siffa tun fil azal, akwai kuma giranit, wanda ya taso narkakke daga cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, ya daskare tun bai kai sarari ba. A kudu maso yamma, wajen Abaji, labarin ya canza. Can dutsen yashi ne na kwarin Bida ya rufe tsohon harsashin, dutse mai laushi da ya samu daga rairayi da laka da ruwa ya jibge, kuma shekarunsa ba su kai miliyan 100 ba.

Giranit ne ya ba Abuja kamanninta. Dutsen Aso, wanda fadar shugaban ƙasa da Majalisar Dokoki ta Ƙasa da Kotun Ƙoli suke gindinsa, ya tashi kimanin mita 400 daga filin da ke kewaye da shi, kansa kuma yana mita 936 daga matakin teku. Dutsen Zuma, mai hoto a tsohuwar takardar naira 100, ya tashi kusan mita 300, kuma ko da yake ana yi masa kallon ƙofar Abuja, a cikin Jihar Neja yake, kusa da Madalla a kan hanyar Kaduna. Mutane da yawa suna zaton irin waɗannan duwatsu tsirowa suka yi daga ƙasa. Gaskiyar ita ce ƙasar ce ta sauka ta bar su a tsaye. Ruwan da ke tsattsafowa cikin ƙasa mai ɗumi yana ruɓar da dutse a hankali, kuma ya fi cin inda dutsen yake da tsaga da yawa. Inda giranit ya zama dunƙule guda maras tsaga, sai ruwa ya rasa mashiga. Da zamani ya yi tsawo, koguna suka kwashe ruɓaɓɓen ɓangaren, dunƙulen ya fito fili. Da nauyin da ke danne shi ya kau, sai bayansa ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar albasa, shi ya sa kawunan duwatsun suke a mulmule, gefensu a miƙe, gindinsu kuma cike da manyan ɓaraguzai. Baƙaƙen layukan da ake gani a jikinsu sawun ruwan damina ne.

Ba kowane dutse ne tilo ba. Akwai jeri-jeri, kamar na Bwari zuwa Aso a arewa maso gabas, da na Idon Kasa wajen Kuje, da na Wuna arewa da Gwagwalada, da duwatsun Zuba. A tsakaninsu filaye ne masu ɗan tudu da kwari: filin Gwagwa, da na Iku da Gurara, da na Robo, da na Rubochi. A filin Gwagwa aka ɗora birnin. Tsarin da aka kammala a 1979 ya ba shi siffar jinjirin wata, ya soma daga gindin Aso ya miƙa hannuwa biyu, saboda duwatsu sun hana shi faɗaɗa yadda ya ga dama. An zaɓi wurin ne don tsayinsa yana rage zafi, gangarensa yana tafiyar da ruwa, dutsen da ke ƙasa kuma yana ɗaukar nauyin manyan gine-gine.

Tun kafin zuwan masu awon gari, duwatsun nan sun yi wa mutane rana. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Koro da Gade da Ganagana da Gwandara da Bassa sun daɗe a yankin, kuma a zamanin hare-hare ƙauyuka da yawa kan duwatsu suka koma, inda doki ba ya hawa. Da jihadi ya kori Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya a farkon ƙarni na 19, Zuba ya nufa. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da aka mayar Suleja lokacin da sabon birnin ya karɓi sunan. A yau kuwa dutsen haja ne. A Mpape an shekara da shekaru ana fasa shi ana niƙa tsakuwar da aka gina titunan birnin da ita, har wani tsohon ramin haƙa ya cika da ruwa ya zama wurin yawon buɗe ido. A watan Satumba na 2018 ƙasa ta yi motsi a Mpape da kewaye, mutane suka firgita, hukuma ta dakatar da fasa dutse a wajen na wani lokaci. Wasu masana sun ɗora abin a kan motsin tsofaffin tsagogin da ke cikin dutsen, wasu kuma suka yi nuni da yawan fasa dutse da haƙa rijiyoyin burtsatse.

Iska biyu

Yanayin Abuja, kamar na sauran Afirka ta Yamma, ja-in-ja ne tsakanin iska biyu. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ɗayar tana fitowa daga Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙura. Iyakar da suke haɗuwa tana bin rana: ta haura arewa daga watan Maris, ta kai can cikin Nijar a watan Agusta, sannan ta juyo. Duk garin da iyakar ta wuce shi zuwa arewa da ɗan nisa ya shiga damina. Da yake Abuja tana kusa da digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Kano kuwa tana digiri 12, iskar teku tana riga zuwa Abuja kuma tana jinkirin barinta. Shi ya sa ake fara ruwa a Afrilu a kai Oktoba, wajen wata bakwai, alhali manomin Kano ko Katsina yana lissafin wata huɗu zuwa biyar ne.

Ruwan shekara yana kamawa daga milimita 1,100 zuwa 1,600, wato a wasu wuraren ya ninka na Sakkwato. Rabonsa ba daidai yake ba. Iskar teku tana shigowa ta ƙasan gangare, ta hau tana nufar tuddan Filato, kuma iska idan ta hau sama takan huce ta saki ruwan da ke cikinta, saboda haka wajen Bwari da Aso ya fi filayen kudu samun ruwa. Ruwan farko yakan zo da hadari mai tasowa daga gabas, da guguwa da tsawa, ya zuba da ƙarfi cikin ɗan lokaci, kuma shi ne mai yaye kwanon rufi da karya itatuwa. Agusta da Satumba lokacin marka ne, a wuni ana yayyafi, rana ba ta fitowa sosai. Ɗan tsaikon ruwan da Legas da Ibadan suke samu a watan Agusta ba ya bayyana sosai a nan.

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne. Ƙurar da ke rufe sararin birnin ta yi doguwar tafiya, yawancinta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki. Hazo yakan yi kauri har jirage su kasa sauka a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, amma sanyin bai kai na Kano ko Jos ba. Da hazo ya yaye sai bazara ta kama, kuma Maris shi ne wata mafi zafi, inda ma'auni ke haura digiri 35, a filayen ƙasa ma ya doshi 40. A nan ma gangaren ne ke magana. Iska tana rage zafi da kimanin digiri 6.5 a duk mita 1,000 na hawa, kuma Gwagwalada ta fi tsakiyar birni ƙasa da mita ɗari biyu zuwa uku. Ƙorafin ɗaliban Jami'ar Abuja a kan zafin Gwagwalada yana da hujjarsa a lissafi.

Koguna da ruwan sha

Duk ruwan da ya sauka a yankin, kogin Neja yake nufa ko Binuwai, kuma mafi yawansa ta Gurara yake bi. Gurara ya taso daga tuddan kudancin Jihar Kaduna, ya ratsa Jihar Neja inda ya faɗo daga kan dutse ya yi shahararren magangarin nan na Gurara, ya bi yammacin Babban Birnin Tarayya, ya faɗa Neja arewa da Lokoja. Babban reshensa a cikin yankin shi ne Usuma, wanda ya fito daga duwatsun Bwari, ya bi ta Ushafa da Kubwa, ya karɓi Wupa da sauran rafukan da ke ratsa birni, ya wuce ta tsakiyar Gwagwalada. A sama, inda gangare ke da tsanani, kogunan suna gudu a kan duwatsu cikin ƙuntatacciyar hanya. A ƙasa sukan yi faɗi, su yi lanƙwasa, su shimfiɗa laka. Gudun nan na kan duwatsu yana da illarsa: a irin wannan ruwa ne wani ɗan baƙin ƙuda yake hayayyafa, mai yaɗa cutar da ke makantar da mutum, kuma ta daɗe tana addabar ƙauyukan bakin Gurara kafin a samu maganin da ake rabawa duk shekara.

Kogunan na damina ne. A Satumba su cika su batse, a Maris ƙananan su koma kududdufai. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ma ba shi da tabbas, domin giranit ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsagoginsa da ruɓaɓɓen bayansa. Makwabta biyu sukan haƙa burtsatse, ɗaya ya dace da tsaga ya sami ruwa mai yawa, ɗaya ya yi ta nutsawa cikin busasshen dutse. A yankin dutsen yashi na Abaji abin ya fi sauƙi, don dutsen da kansa yana shan ruwa. Wannan ne ya sa babban birni a irin wannan ƙasa ba shi da makawa sai da dam. Tafkin Jabi, wanda yau ake zuwa shan iska a bakinsa, madatsa ce da aka yi a farkon shekarun 1980 don shayar da birnin da ake ginawa. Daga baya aka gina dam ɗin Usuma kusa da Ushafa, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 100. Da jama'a suka ƙaru, aka tare Gurara a Jihar Kaduna, aka jawo ruwansa ta bututu mai tsawon kusan kilomita 75 zuwa tafkin Usuma. Duk da haka, ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da miliyan 1.4 a yankin, an kuma ninka haka tun tuni, kuma a unguwannin gefe da yawa har yanzu ɗan ga-ruwa da kurarsa shi ne famfo.

Ruwan da ya yi ƙaranci da rani shi ne yake yin yawa da damina. Masu tsara birnin sun bar kwarin rafuka a matsayin filayen itatuwa da ciyawa, kuma ba don ado kawai suka yi haka ba, hanyar ruwa ce suka bar masa. Ƙasar da ke da ciyawa tana shanye wani kaso na ruwan sama ta sake shi sannu a hankali. Kwalta da siminti da kwanon rufi ba sa shan ko ɗigo. Duk unguwar da aka gina a tudu tana ƙara wa rafin da ke ƙasanta ruwa da sauri, idan kuma an cike bakin rafin an yi gidaje, to sakamakon a bayyane yake. Lokogoma ta sha ambaliya ba sau ɗaya ba, a watan Yuni na 2023 kuma ruwa ya shanye gidaje da motoci a wani rukunin gidaje a Lugbe. Abin takaici ne a kira irin wannan ƙaddara kawai, alhali taswirar tudu da kwari ta nuna inda ruwan zai bi tun kafin a aza tubali. Ambaliyar nesa ma tana taɓa birnin: a Oktoba na 2022 Neja ya cika ya rufe hanyar Lokoja wajen Koton Karfe, tankokin mai suka maƙale, layuka suka yi tsawo a gidajen man Abuja.

Ƙasar noma

Ƙasa 'yar dutse ce, kuma jan launin da ake gani a duk inda aka yanka tudu don yin titi yana faɗin tarihinta. Ruwa mai yawa a wuri mai zafi yana wanke sinadaran da ke narkewa ya tafi da su ƙasa, ya bar ƙarfe, ƙarfen ya yi tsatsa. Inda ƙarfen ya taru ya sha jiƙa da bushewa shekara da shekaru, sai ya daskare ya zama marmara, wadda ke hana saiwa nutsawa amma take da amfani wajen cikon hanya. Irin wannan ƙasa albarkarta tana sama-sama, a cikin ɗan tafin hannu na ruɓaɓɓen ganye da toka. Idan aka share daji aka bar ta tsirara, ruwan farko na Afrilu ya kwashe wannan, zaizaya ta fara da ɗan layi ta ƙare da kwazazzabo.

Daga kan tudu zuwa kwari ƙasa tana canzawa a jere. A jikin dutse siririya ce mai tsakuwa. A gindinsa da tsakiyar gangare takan yi zurfi, ja ko ruwan ƙasa, mai sauƙin huɗa, kuma nan ne gonakin doya da dawa da masara da gyaɗa da riɗi da rogo. A ƙasan kwari sai fadama, baƙa mai yumɓu, mai riƙe ruwa, ta shinkafa da rake da lambun rani. Manomin Gbagyi ya san jerin nan sarai. Manyan tulin ƙasa da yake yi wa doya suna tattara ƙasar sama mai albarka wuri guda, su ɗaga saiwa daga ruwan marka, su ba doyar taushin da za ta yi girma. Da can akan bar gona ta huta shekaru bayan an ci ta, daji ya mayar mata da ƙarfinta. Ƙaruwar jama'a da karɓar filaye don gini sun gajarta hutun, taki na zamani ya maye gurbinsa ga wanda ke da halin saya.

Yumɓun kwari ya fitar da sunan yankin tun kafin birnin. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a Kwali ta koyi ginin tukwane irin na matan Gbagyi, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, ayyukanta suka kai Ingila da Amurka. Ta rasu a 1984. A Ushafa ma har yau ana gini, kuma can aka kai Shugaba Bill Clinton a ziyararsa ta 2000.

Daji da kurmi

Abuja tana cikin dajin da masana ke kira na Gini, wanda ya raba kurmin kudu da sararin ƙasar Hausa. Alamarsa doguwar ciyawa, irin su gamba, wadda ke shanye tsayin mutum a ƙarshen damina, da itatuwa a warwatse ko a cunkushe gwargwadon zurfin ƙasa da yawan sara. Bahaushe zai gane da yawa daga cikinsu: kaɗanya, ɗorawa, maje, kirya, kawo, doka, baushe, marke, tafashiya, da maɗaci a wuraren da ke da laima. Abin da zai lura da ƙarancinsa shi ne ƙayoyin arewa, irin su bagaruwa da aduwa.

Wuta ce ta yi rabin aikin tsara wannan daji. Duk rani ana cinna ta, mafarauci don ya kori nama, makiyayi don sabon tsiro ya fito, manomi don ya share gona. Itacen da ya rayu a nan shi ne mai kaurin ɓawo kamar kaɗanya, ko mai iya tohowa daga saiwa bayan an ƙone shi. Ɗaya rabin aikin na mai gatari ne, wanda yake sare komai ya bar kaɗanya don manta, ya bar ɗorawa don kalwa da daddawa. Gonakin da ake gani da itatuwa tsilla-tsilla a hanyar Kuje ko Kwali zaɓin mutane ne na ɗaruruwan shekaru.

A bakin rafuka da lungunan duwatsu, inda laima ba ta yankewa kuma wuta ba ta shiga, akwai kurmi. Can ana samun dogayen itatuwa masu haɗe kai, da kwakwar manja, da tukurwa, da loko, da igiyoyin daji, irin tsirran da aka fi sani da kudu. Waɗannan guntayen kurmi a filin Gwagwa da tuddan kudu maso gabas suna daga cikin abin da ya fi daraja a halittun yankin, don suna riƙe gaɓar rafi, suna tace ruwa, suna ba tsuntsaye da birai mafaka. Su ne kuma matsugunin ƙudan tsando, wanda a da yake hana Fulani zama da shanu a nan da damina. Da aka sare daji tsando ya ragu, makiyaya suka sami damar zama shekara cur, a daidai lokacin da gonaki da gine-gine suke cinye burtali da makiyaya.

Saran ya fi ƙarfi a kewayen birni da bakin manyan hanyoyi. Buhunan gawayi da ake jerawa a hanyar Lokoja da ta Kaduna yawancinsu daga itatuwa masu tauri ne, kirya a kan gaba, har da kaɗanyar da a da ba a taɓa ta, kuma duk lokacin da gas da kananzir suka yi tsada sai kasuwarsu ta buɗe. Madobiya ta sha sara a faɗin tsakiyar Nijeriya a shekarun 2010 saboda kasuwar katako ta Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu. A cikin birni kuwa an yi shuka da yawa, a gefen tituna da wuraren shaƙatawa irin su Millennium Park, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disamba na 2003. Sai dai yawancin abin da aka shuka baƙi ne masu saurin girma, malaina da turare da dogon yaro, waɗanda ke ba da inuwa cikin 'yan shekaru. Kaɗanya kuwa takan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, shi ya sa ba kasafai ake samun mai dasa ta ba, kuma kusan duk wadda ake gani a gonakin Kwali da Abaji da kanta ta tsiro.